Dutsen da Ba Ya Shan Ruwa

A garinmu Sanli ana iya yafe wa mutum idan rubutunsa ya yi kama da sawun kaza, amma ba a yafe masa idan aka ajiye dutsen niƙa tawada a gabansa ya rasa abin faɗa. Mu dai haka muke. Sai mutum ya shekara bai rubuta layi guda ba, amma ya san ramin da aka haƙo dutsen maƙwabcinsa, da sarkin da ke mulki lokacin da aka sassaƙa shi, da dalilin da ya sa bai kai nasa ba.

Waɗanda ciwon ya fi kamawa su ne malaman Rumfar Gora. Rumfa ce a bakin tafki, dab da gadar dutse, inda suke taruwa kowa da kujerarsa, kowa da dutsensa a akwatin katako. Su ɗiga ruwa, su niƙa sandar tawada, su sha shayi, su yabi duwatsun juna a gaban ido, su kushe su a hanyar komawa gida. Kujera a Rumfar ba ta samuwa sai mai ita ya mutu. To, a farkon wata bazara, wani tsoho daga cikinsu ya tausaya wa masu jira, ya rasu.

Babu wanda ya kai Pang Deshou kuka a wurin jana'izar, babu kuma wanda ya riga shi tambayar ranar da za a cike gurbin. Shi wannan Pang ya sha shiga jarrabawar neman aikin sarki, har masu gadin zauren sun san shi, suna tambayarsa lafiyar iyali. Bai taɓa ci ba. A faɗarsa, masu duba takardun ne iliminsu bai kamo nasa ba. Ana kiransa Malam Pang saboda tsawon rigarsa. Tun da furfura ta fara fito masa ya haƙura da aikin sarki, ya tattara burinsa kan abu ɗaya: ya zauna a kujerar Rumfar Gora, mutanen gari su gani, matarsa ta ji.

Sai dai ba shi kaɗai ke so ba. Akwai Malam Dou, tsohon magatakardan kotu, siriri mai ɗan gemu irin na akuya. Wata safiya a gidan shayi, Dou ya buɗe akwatinsa yana nuna wa mutane dutsen da zai kai Rumfa. Pang ya leƙo ta bayan kafaɗarsa.

"Malam Dou, wannan fa? Dutsen tawada ne ko murfin tukunya?"

"Na kakan kakana ne, Malam Pang. Kai wanne za ka kai? Ko wanda uwargida ke wasa wuƙa da shi?"

Aka yi dariya. Pang ya jira ta lafa, ya gyara hannun riga.

"Ni ba na yawo da nawa a gidajen shayi kamar mai talla. Dutsen Duan ne, daga tsohon rami, wanda ke ƙarƙashin kogi. Kuma ba ya shan ruwa."

"Ba ya shan me?"

"Ruwa. Huci ɗaya zan yi masa, ya yi raɓa, in niƙa tawadar da za ta ishe ni rubuta waƙa, har in ranta maka saura."

Dukkanmu mun karanta labarin irin wannan dutse a littattafai. Babu wanda ya taɓa ganinsa, babu kuma wanda zai yarda ya ce bai taɓa gani ba. Sai aka yi ta gyaɗa kai.

Can a kusurwa Tsoho Yan, shugaban Rumfar, yana zaune ido a rufe kamar mai barci. Bai ko buɗe idon ba ya ce, "To madalla. Ranar taro ka zo da shi ka hura, mu gani. In ya yi, kujera taka ce. In bai yi ba, ta Malam Dou ce."

"Baba, ai a fara goge kujerar," in ji Pang.

Gaskiyar magana yana da dutsen, kuma na Duan ɗin ne, gadon kakansa. Abin da bai faɗa ba shi ne rabonsa da buɗe akwatin tun kafin ya yi aure. Yana isa gida ya hau kan teburi ya sauko da shi daga saman azara. Dutse ne mai launin hanta, mai nauyi, an sassaƙa masa tsohuwar bishiya da gajimare a gefe. Amma fuskarsa duk ta rufe da ɓawon tsohuwar tawada, baƙi ƙirin, mai kauri.

Ya cika kumatu ya hura. Ƙura ta tashi ta shige masa hanci, ya yi atishawa. Ya sake hurawa. Dutse ya yi shiru.

"Na gane," ya ce. "Datti ne ya toshe shi. Suyin! Kawo min yashi da soso."

Matarsa Suyin ta leƙo daga madafa, ludayi a hannu. "Yashi kuma, Maigida? Kakanka bai taɓa bari ko tsumma ya taɓa shi ba, in ji mahaifiyarka."

"Kakana mutumin da ne, bai yi zurfi a karatu kamar ni ba."

"Shi dai ya ci jarrabawa."

"A lokacinsu tana da sauƙi. Kawo yashin."

Ya zauna a tsakar gida ya yi ta dirza har yatsunsa suka yi kanta. Da yamma dutsen ya fito fes, yana sheƙi. Yana cikin juya shi a hasken rana sai ga Malam Dou ya shigo, wai gaisuwa ta kawo shi. Ya dubi dutsen, ya dubi baƙin ruwan da ke kwance a ƙasa, ya dafe ƙirji.

"Kai, Malam Pang! Ka aske wa tsoho gemu!"

"Wane tsoho?"

"Ɓawon tawadar nan da ka wanke, ai shi ne shekarunsa. Shi malamai ke fara dubawa. Yanzu wa zai yarda ba jiya ka saye shi a kasuwa ba?"

Pang ya gyara murya. "Na sani mana. Wa zai koya min? Dabara ce ta masana. A kan cire tsohon ɓawo domin ainihin tsohon ya fito daga ciki."

"Yaushe zai fito?"

"Kai dai ka zo ranar taro."

Dou ya fita yana murmushi. Kafin ya kai gada, rabin unguwa ya ji.

Washegari Pang ya tashi da shawarar mayar wa dutsen shekarunsa. Da Suyin ta tafi kasuwa, ya ɗauko tukunyar shinkafarta, ya zuba ganyen shayi har da wanda ake ajiye wa baƙi, ya kankaro kunkunniya daga bangon madafa, ya ƙara da guntayen tawada da ɗan man gyaɗa don ta kama. Ya tsoma dutsen, ya hura wuta. Da ya ga abin ba ya sauri, ya ƙara ɗanyen kara. Ya rufe tagogi don kada asiri ya tonu.

Hayaƙi ya nemi hanya ya samu ta rufin ɗaki. Gidajenmu na katako ne, kafaɗa da kafaɗa, saboda haka ba ma tambaya in mun ga hayaƙi. Wani ya buga kwano, wani ya yi ihun gobara, aka yi layi daga bakin ruwa ana miƙa guga. Gwaggo Tao mai awara, wadda gidanta ke manne da nasa, ita ta banke ƙofar madafar da kafaɗa. Ba ta ga komai ba sai wani baƙin abu yana motsi a cikin hayaƙi, ta sheƙa masa guga guda. Na bayanta ma ya sheƙa nasa.

"Ni ne! Ni ne!" in ji baƙin abin.

"Malam Pang? Me kake dafawa?"

"Bincike nake yi, Gwaggo."

Ta leƙa tukunyar. "Dutse kake dafawa? Haba ɗan nan, in abin ya kai haka ai sai ka yi magana, a sam muku awara."

"Ba yunwa ba ce! Tsufa nake ba shi."

"Tsufa? Ka zo in ba ka nawa kyauta, har da ciwon gwiwa."

Suyin ta dawo ta tarar da madafa kamar kududdufi. Ta dafa shinkafa a tukunyar yadda take, ta ajiye masa. Ya ci, leɓɓansa suka yi baƙi, ya ce bai taɓa cin mai daɗinta ba.

Dutsen kuwa ya yi baƙi, sai dai baƙin yana bin hannun duk wanda ya taɓa. Da ya huce Pang ya hura masa. Ko alamar raɓa babu.

"Ƙishi yake ji," ya ce. "Littattafai sun faɗa. Dutsen da aka haifa a ƙarƙashin kogi dole a mayar da shi ga ruwa lokaci-lokaci."

"Ba kai ka ce ba ya shan ruwa ba?" in ji Suyin.

"A gaban mutane ba ya sha. A ɓoye kowa na sha."

Ya naɗe shi a raga, ya ɗaura igiya, ya zura shi cikin rijiyar lungu, wadda duk gidajen layin ke ɗiba. Ya ɓoye bakin igiyar a ƙarƙashin dutsen wanki, ya koma gida yana fito.

Da safe ba zakara ne ya tashe shi ba. Muryar Gwaggo Tao ce.

"Pang Deshou! Fito! Fito, ɗan gidan malamai!"

Ya fito ya tarar da ita a ƙofar gida da faranti a kai, mata da maza sun kewaye ta. Ta sauke farantin. Awarar da aka san ta fara tas, yau ta fito launin toka, mai zane-zanen baƙi kamar bayan jaki.

"Tun ina budurwa nake awara da ruwan rijiyar nan. Dubi! Wa zai sayi wannan?"

Pang ya sunkuya ya duba da kyau, ya shafa gemu. "Gwaggo, ke ba ki san arzikin da ya same ki ba. Wannan awarar malamai ce. Duk yaron da ya ci, hannunsa zai faɗa da rubutu."

"Haka ne?"

"Ko shakka babu."

"To kai ka fi kowa bukata." Ta ɗauki guda ta manna masa a goshi.

Wani ya ce matarsa ta wanke farar riga ta koma ta makoki. Wani ya ce shayinsa na safe ɗanɗanon murhu yake. Aka tasa Pang a gaba har rijiya, aka ce ya ciro abin da ya jefa. Ya jawo igiyar, awara na zuba daga girarsa. Dutsen ya fito wankakke, duk tsufan jiya ya zauna a rijiya. Ya goge shi da hannun riga ya bushe, ya ji shi da sanyi kamar ƙafar gawa. Don takaici ya saki dogon numfashi a kansa.

Sai ga wani farin hazo ya kwanta a fuskar dutsen. Ya sake hurawa, ƙananan ɗigon raɓa suka taru. Ya shafa da yatsa, yatsan ya jiƙe.

"Ya yi! Jama'a, ya yi! Ku zo ku gani!"

"Mu abin da muke so mu gani shi ne ka yashe rijiya," in ji Gwaggo Tao.

Yini guda ya yi yana janyo guga yana zubarwa, amma bakinsa bai rufu ba don murna. Sai da ya koma gida ya kira Suyin ta shaida, ya hura, ya sake hurawa, dutse ya ƙi. Ya zauna ya yi tunani irin wanda bai taɓa yi a zauren jarrabawa ba, ya gano bakin zaren: sai dutsen na da sanyi yake yi. Ga bazara ta kankama, ga rijiya an hana shi ko leƙawa.

A nan ya tuna da yayan matarsa, Lu mai kifi, wanda ke da ramin ƙanƙara a bayan rumfarsa. Tun lokacin sanyi ake sare ta daga tafki, a binne da ƙaiƙayi, don kifi ya kai zafi bai lalace ba.

"Yaya Lu, aron wuri na zo."

"Na me? Kai ma ka fara ruɓewa?"

"Dutsena nake so ya kwana a ƙanƙara."

Lu ya goge hannu a zanensa na aiki. "Shi ne wanda aka dafa? Ya nuna kuwa?"

"Yaya, maganar ilimi ce, ba za ka gane ba."

"Ni dai na san kifi. Ramin cike yake, sai dai ya kwanta a tsakiyarsu."

"Ya kwanta. Dutse ba ya ɗaukar wari."

Ranar taro da hantsi ya je ya ɗauko shi, ya naɗe da zani mai kauri, ya sa a akwati, ya sa rigarsa mafi tsawo, ya shiga kwale-kwale. Sanyin dutsen na ratsa katako har cinyarsa. Bai lura da kyanwa ta farko da ta biyo su ta bakin ruwa ba. Kafin su kai gada sun zama ayari.

"Malam, rakiya aka yi maka yau," in ji mai tuƙi.

"Dabba ma ta san daraja," in ji Pang.

Gari kuwa ya riga shi isa. Gada ta cika, kwale-kwale sun yi cirko-cirko a tafki, Gwaggo Tao ta samu wuri a gaba. A cikin Rumfa malamai na zaune, kujera ɗaya ba kowa a kai, Malam Dou na tsaye a bayanta ya dafa ta da hannu.

Pang ya yi gaisuwa a gurguje, ya buɗe akwati, ya cika kumatu.

"Dakata," in ji Tsoho Yan. "Ina za ka? Ba a gwada dutse sai ya gaisa da kowa."

Pang ya manta da wannan al'adar. Kafin a niƙa tawada a kan sabon dutse a Rumfa, sai ya zaga hannun kowane malami. A shafa shi da tafin hannu, a manna shi a kunci a ji laushinsa, a ƙwanƙwasa shi kusa da kunne a ji muryarsa, sannan kowa ya faɗi kalma.

Malami na farko ya karɓa, ya manna a kunci, ya zabura. "Kai, sanyi!" Sai hancinsa ya motsa. Ya dubi Pang. "Malam, kamar ina jin… wani abu."

Pang ya yi caraf ya tari numfashinsa. "Ashe Malam ya san duwatsu! Ƙamshin ƙasan kogi ne. Duk dutsen tsohon rami da shi yake zuwa. Sai ƙwararre ke jin sa."

"A'a, ai shi nake shirin faɗa," in ji malamin. Ya lumshe ido ya shaƙa sosai. "Ƙasan kogi. Tsantsa."

Na biyu ba zai yarda a ce ba ƙwararre ba ne. Ya shaƙa har idonsa ya kawo ruwa, ya ce yana jin har da ƙamshin duwatsun da suka yi maƙwabtaka da shi. Ya yi ta murza shi da tafin hannu biyu, ya ce laushinsa kamar fatar jariri. Na uku ya ce shi ba da hannu yake sanin dutse ba, ya cusa shi cikin riga ya rungume a ƙirji, wai yana sauraren zuciyarsa.

"Malamai, a ɗan yi sauri," in ji Pang, zufa ta fara keto masa.

"Ba a gaggawa da tsohon dutse," in ji na uku daga cikin rigarsa.

Na huɗu ya ce waƙa ta zo masa. Ya riƙe dutsen a cinya, a daidai inda rana ke shigowa, ya yi baiti, ya ce bai zauna ba, ya sake daga farko. Har Malam Dou aka miƙa wa don ladabi. Ya shinshina, ya ga duk malamai na kallonsa.

"E, akwai ƙamshin," ya ce. "Amma na kakan kakana ya fi wannan ƙarfi nesa."

Da dutsen ya iso hannun Tsoho Yan, ya juya shi gaba da baya, ya ce idonsa ba ya gani sosai sai ya sha shayi. Ya ajiye dutsen a gefen kaskon gawayin da butar ke kai, ya sha kofinsa a hankali, kurɓi-kurɓi, kamar mai shan magani.

Lokacin da dutsen ya dawo gaban Pang, ɗumi yake kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

"To, Malam Pang," in ji Tsoho Yan. "Hura."

Ya hura. Babu komai. Ya ja numfashi tun daga tafin ƙafa ya hura. Babu komai.

"Kunya yake ji," ya ce. "Bai saba da taro ba."

"Mu juya baya?" in ji Dou.

Pang ya buɗe baki ya yi huci mai zafi, ya tsuke baki ya yi mai sanyi, ya hura ta dama, ya zagaya teburi ya hura ta hagu. Fuskarsa ta koma launin dutsen. Malaman da suka gama rantsuwa da ƙamshin ƙasan kogi suka fara kallon juna, domin in dutsen ya kunyata, ba shi kaɗai zai kunyata ba.

"Ƙila hucin mutum ɗaya bai isa ba," in ji mai waƙa. "Na karanta cewa manyan duwatsu sukan so jama'a."

"Ni ma na karanta," in ji wanda ya rungume shi.

Ɗaya bayan ɗaya suka tashi, suka kewaye teburin, suka sunkuya. Dattawan garinmu, masu furfura, masu dogayen riguna, kawuna a haɗe, ɗuwawu a sama, suna fu, fu, fu, kamar masu tayar da wutar ɗanyen itace.

Daga kan gada Gwaggo Tao ta ɗaga murya. "Ku ƙara kara, ta kusa kamawa!"

Gada ta ɗauki dariya har sai da wani ya kusa faɗawa ruwa.

Duniya ta fara juya wa Pang. A daidai lokacin wani ɗigon zufa ya gangaro daga goshinsa, ya tsaya a kan hancinsa, ya yi lilo, ya faɗa tsakiyar dutsen, ɗis. Pang ya fizgi sandar tawada.

"Ga shi! Ya yi raɓa! Ku shaida!"

"Daga hancinka ta faɗo," in ji Dou. "A kan idona."

"Hanci da baki ai gida ɗaya suke!"

Ya miƙe zumbur don ya sanar da mutanen gada, sandar tawada a sama. Jiri ya kwashe shi. Ya yi taku ɗaya baya, ya yi na biyu, na ukun bai samu katako ba. Tafki ya karɓe shi, funjum.

Kafin a kamo jelar gashinsa a jawo shi, wata ƙatuwar kyanwa ta yi tsalle ta hau teburin, ta ratsa tsakanin malamai, ta kafa kai tana lasar dutsen, tana gurnanin daɗi. Nan da nan fuskarsa ta jiƙe sharkaf.

"Ga wadda ta iya," in ji Dou. "A ba ta kujerar."

"Ƙasan kogi take ji," in ji Lu mai kifi daga cikin kwale-kwalensa. "A ramina dutsen ya kwana, tsakanin tarwaɗa!"

Shi ke nan, kowa ya buɗe baki. Wannan ya ba da labarin yashi, wancan ya ba da na tukunya, Gwaggo Tao ta ba da na rijiya har da nuna girman awarar da ta manna. Malamai suka koma kujerunsu a hankali, kowa na goge kuncinsa da hannun riga, ba mai kallon ɗan'uwansa. Pang na tsaye a bakin Rumfa tsamo-tsamo, ganyen bado a ka.

Tsoho Yan ya kore kyanwar, ya wanke dutsen, ya ɗiga masa ruwa daga ɗan tulunsa kamar yadda kowa ke yi. Ya ɗauki sandarsa ya fara niƙa. Ko ƙara babu, sandar na tafiya kamar kakin zuma a kasko mai ɗumi. Tawada ta taru, baƙa, mai sheƙi. Ya tsoma alƙalamin gashi ya ja layi ɗaya a takarda, ya daɗe yana kallo.

"Baba," in ji Dou, "an yi alkawari. Bai yi ba. Kujera tawa ce."

"Kai da naka ya fi wannan ƙarni?"

Dou ya kau da kai.

"In hankali ne ke ba da kujera a Rumfar nan," in ji Tsoho Yan, "yau duk a tsaye za mu koma gida. Ni a cikinmu mutum ɗaya na gani mai halin malamai. An dirje shi da yashi, an dafa shi, an jefa shi rijiya, an kwantar da shi da kifi, manyan gari sun taru sun hura masa warin baki, bai ce uffan ba. Da aka ba shi aikinsa kuma, ya yi."

Ya tashi da kansa, ya ɗauki dutsen da hannu biyu, ya ɗora shi a kan kujerar da ba kowa.

"Ni fa, Baba?" in ji Pang, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Kai za ka riƙa kawo shi duk ranar taro. Ka ajiye shi, ka jira a waje da masu kwale-kwale. In an tashi ka mai da shi gida. Kuma in na sake jin ka taɓa shi da wani abu ban da ruwa, za mu nema masa wani ɗan dako."

Pang ya dubi kujerar, ya dubi dutsen yana zaune a kai daram. Sannan ya cire ganyen bado daga kansa, ya juya ga Malam Dou.

"Ka dai gani," ya ce. "Gidanmu ta faɗo."

Da la'asar ya shiga gida, akwati a rungume, takalmi ɗaya a ƙafa. Suyin na tsintar wake a tsakar gida. Ta ji komai tun kafin ya baro gada, amma ta tambaya.

"Maigida, an samu kujerar?"

"An samu."

"Wa ya zauna?"

Ya ajiye akwatin a hankali a kan teburi, ya matse gefen rigarsa.

"Babban cikinmu," ya ce. "Akwai ruwan zafi?"